Yadda ma'aikacin jami'a zai sa baki kafin a yanke hukunci a kansa

Yawancin ma'aikatan jami'a ba sa sanin an yanke hukunci a kansu sai ranar da takardar sanarwa ta fito daga ofishin Magatakarda: an sauya ka'idar ƙarin girma, an ƙara kuɗin hayar gidajen kwatas, an haɗe sashe kaza da sashe kaza. Sai a taru a wurin ajiye motoci ana ta "an yi mana", a kira shugaban ƙungiya a waya, a cika zauren WhatsApp da zafafan kalamai. Duk ihu ne bayan hari. Takardar da ta fito yau ta yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, kuma sau da yawa ɗaya daga cikin teburan nan kai kanka kana da kujera a gabansa, ba ka dai je ka zauna ba ne.

Ni ma'aikaciyar rajistiri ce a wata jami'ar gwamnatin tarayya, kuma mafi yawan shekarun aikina a kujerar sakatare na yi su, ina rubuta minits, wato bayanin abin da aka tattauna da abin da aka yanke, a taron tsangaya, a Sanet (majalisar harkokin karatu), daga baya a kwamitocin Kansul (majalisar gudanarwa). Mai rubuta minits ba ta da ta cewa a taro, amma tana ganin wanda maganarsa ta shiga takarda da wanda tasa ta bi iska. Abin da zan faɗa ya shafi jami'o'in tarayya na Nijeriya ne. Na jihohi tsarinsu ya yi kama da wannan, sai dai kowace da dokar da majalisar jiharta ta yi mata. Masu zaman kansu kuwa, mai jami'a ke da magana ta ƙarshe.

Ka san wa ke da ikon me

Takardu uku nake so ka mallaka, ko da hotonsu ne a wayarka. Ta farko dokar da ta kafa jami'arku, tare da ka'idojin da ke liƙe a bayanta. Ta biyu dokar da ta haɗe dukkan jami'o'in tarayya, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 11 ta 1993, aka yi mata babban gyara a 2003, gyaran da ake kira dokar 'yancin cin gashin kan jami'o'i, aka sake taɓa ta a 2012 lokacin da aka kai shekarun ritayar farfesa 70. Ta uku kundin sharuɗɗan aiki na jami'arku da ka'idojin ƙarin girma. Za ka same su a laburare, ko ofishin lauyan jami'a, ko sakatariyar ƙungiyarku. Ba sirri ba ne. Na sha ganin farfesa mai furfura ya miƙe yana kafa hujja da "yadda aka saba yi", wani ƙaramin malami ya buɗe shafi ya karanta masa sashen doka, zance ya mutu nan take.

Abin da za ka fara fitarwa daga takardun nan shi ne rabon iko. Majalisar Gudanarwa, wadda kowa ke kira Kansul, ita ke riƙe da kuɗi da dukiya da ɗaukar aiki da ƙarin girma da kora. Sanet ita ke riƙe da karatu: manhaja, ɗaukar ɗalibai, jarrabawa, ba da digiri, buɗe sabon sashe ta fuskar ilimi. Shugaban jami'a shi ke shugabantar Sanet, amma a Kansul mamba ne kawai, shugaban Kansul daban ne. Wanda ya kai kukan rabon gidaje zauren Sanet ya ɓata yawunsa. Za a saurare shi cikin ladabi, a ce ba hurumin wannan zaure ba ne, a wuce.

Yanzu ka ƙirga kujerun Kansul yadda gyaran 2003 ya tsara su. Daga waje akwai shugaban Kansul, da mutum huɗu da gwamnatin tarayya ke naɗawa, da wakilin ma'aikatar ilimi: shida ke nan. Daga cikin gida akwai shugaban jami'a da mataimakansa, da mutum huɗu da Sanet ke zaɓa daga cikinta, da biyu da Kongirigeshan, wato babban taron ma'aikata, ke zaɓa. Idan mataimakan biyu ne, tara ke nan. Sai mutum ɗaya na Kanbokeshan, majalisar da ta haɗa malamai da waɗanda suka sauke karatu a jami'ar. Ka ga ke nan 'yan gida sun fi baƙi yawa. Duk lokacin da ka ji ana cewa "Kansul ce ta yi mana", ka tuna cewa akasarin waɗanda suka zauna a teburin abokan aikinka ne, kuma shida daga cikinsu da ƙuri'a suka hau kujerar. Tambayar ita ce ko ka je ka kaɗa taka.

Daga sashe ake farawa

Taron sashe shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ne mafi arha wurin sauya abu. A nan ake raba kwasa-kwasai, a duba sakamako, a fara tantance masu neman ƙarin girma, a tsara abin da sashe zai nema a kasafin kuɗi. Jimla guda da ka gyara a nan ba ta buƙatar komai sai yardar mutum goma sha wani abu da kuke shan shayi tare. Idan ta wuce tsangaya, ta wuce kwamitin shugabannin tsangayoyi, ta isa Sanet, gyaranta zai zama kamar kana ƙaryata duk waɗanda suka sa mata hannu a hanya, kuma babu mai son a ƙaryata shi a bainar jama'a. Haka nan zaɓen shugaban tsangaya, wanda a yawancin jami'o'i malaman tsangayar ke yi duk shekara biyu: wanda kuka zaɓa kai tsaye ya zama ɗan Sanet kuma ɗan manyan kwamitoci. Mutane kan zaɓi wanda ya zo ta'aziyyar mahaifinsu. Zumunci abu ne mai kyau, amma ka ƙara da tambayar ko yana karanta takardun taro.

Idan kana da abin da kake so a sauya, rubuta shi. Wannan ita ce shawarar da na fi maimaitawa, kuma ita ce aka fi ƙin bi. Jami'a ba ta jin magana, takarda take ji. Memo mai kyau ba ta wuce shafi biyu. A sama ka sa kan magana a layi guda. Sai ka faɗi halin da ake ciki da lambobi na gaskiya daga sashenku: ɗalibai nawa, malamai nawa, ɗakin karatu mai ɗaukar mutum nawa. Sai ka kawo sashen doka ko ka'ida da abin ya shafa, da hukuncin da aka taɓa yankewa a kai idan akwai, tare da ranar taron. Idan abin zai ci kuɗi, faɗi nawa, kuma daga wace jaka. Takardar da ba ta amsa wannan ba, Ma'ajin jami'a zai kashe ta da tambaya guda. Sannan sakin layi na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran muhimmanci: abin da kake roƙon zauren ya yi, a rubuce yadda za a iya cewa "an amince" kawai a wuce. Bari in faɗa maka sirrin masu minits. Idan roƙonka a tsare yake, shi muke kwafewa kalma da kalma ya zama hukunci. Idan kuwa ka ƙare da "muna fata za a duba lamarin", to abin da za mu rubuta shi ne an ji, kuma "an ji" ba ta ɗora wa kowa aikin komai.

Takardar ta bi ta hannun shugaban sashe, ta bi ta shugaban tsangaya. Kada ka tsallake su ko da kuna 'yar tsama, domin takardar da ta tsallake hanya ana mayar da ita ba tare da an karanta ba. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Masinja ko sakataren ofis da ya buga hatimin nan, ka san sunansa, ka riƙa gaishe shi. Ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, shi zai buɗe rajista ya nuna inda ta kwana.

Sai lokaci. Kowane zaure yana da ranar rufe karɓar takardu, kuma Sanet tana da kwamitin da ke tace abin da zai shiga ajanda kafin zama. Je wurin sakataren zauren ka tambayi ranar. Abin da bai shiga ajanda ba sai dai ka tayar da shi a "sauran batutuwa", can ƙarshen taro, lokacin da rabin mutane sun fita sallar la'asar ba su dawo ba, sauran kuma sun fara tattara jakunkuna. Ban taɓa ganin babban abu ya samu nasara daga wannan gurbi ba.

Kafin ranar taro kuma, zagaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai wa mutum uku ko huɗu da ake jin maganarsu takardarka, musamman wanda kake zaton zai ƙi. Ka ce, "Malam, ga abin da nake son kawowa, a duba mini inda na yi kuskure." Dattijon da aka nemi shawararsa a ofis ba kasafai yake yaƙar takarda a zaure ba, domin ta zama tasa. Ka kuma san tun da wuri wanda zai mara maka baya idan ka gabatar, don ƙudurin da babu mai mara masa baya faɗuwa yake yi kafin a tattauna shi.

A cikin zaure

Taron Sanet yakan fara da gyara minits na zaman da ya wuce, sai abubuwan da suka taso daga ciki, sai rahoton shugaba, sai sakamakon jarrabawa da kan cinye sa'o'i, sai takardun kwamitoci. Mutane kan shigo a makare, suna ganin gyaran minits ɓata lokaci ne. Nan ne kuwa ake cin kasuwa.

Akwai wata malama, lakcara ce ba farfesa ba, tana zaune a Sanet a matsayin wakiliyar Kongirigeshan. A zaman baya an yi doguwar muhawara kan sabuwar ka'idar ƙirga makin mujallu wajen ƙarin girma, aka tashi ba a cimma matsaya ba. Da minits suka fito, sai ga shi an rubuta an amince. Shugaba yana bin shafuka da sauri, yana kiran lamba, zaure na amsawa. Ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe shugaban taro, a wannan sakin layin an ce Sanet ta amince. Abin da na rubuta a littafina ranar shi ne an mayar wa kwamiti ya sake dubawa, ya nemi ra'ayin tsangayoyi." Ta ɗaga littafin, wani ɗan ƙaramin littafi mai bangon roba. Aka yi shiru. Wani dattijon farfesa daga baya ya gyara murya ya ce, "Gaskiyar Malama ce, ni na kawo shawarar mayarwar." Shugaba ya waiwayo wurinmu, Magatakarda ya ɗauki biro ya ja layi. Ka'idar ta koma tsangayoyi, kuma da ta dawo an cire sharaɗin da zai sa ta yi aiki a kan waɗanda takardunsu ke hanya tun kafin a kawo ta. Maganar malamar ba ta kai minti guda ba.

Saboda haka ka zo da wuri, ka zo da littafinka, ka rubuta yadda aka rufe kowane batu: an ji ne, an amince ne, an amince da sharaɗi ne, an mayar wa kwamiti ne, ko an jingine. Idan za ka yi magana, yi ta ta hannun shugaban taro, kira lambar shafi da sakin layi, faɗi abin da kake so a sauya da kalmomin da kake so a sa a madadinsa, ka zauna. Masu dogon jawabi kan tarihin lalacewar ilimi a Nijeriya ana tafa musu, amma ni mai biro ba ni da abin da zan rubuta daga bakinsu. Idan an rinjaye ka a abin da kake ganin ya saɓa doka, ka nemi a rubuta cewa ba ka yarda ba, da dalilinka. Haƙƙinka ne, kuma wata rana idan kwamitin bincike ko kotu ta buɗe fayil, wannan layin zai yi magana.

Kongirigeshan: kujerar da ma'aikatan ofis ke mantawa da ita

Nan zan ɗan daɗe, don 'yan'uwana ma'aikatan da ba sa koyarwa su ne suka fi yin asara a nan. Kongirigeshan babban taron ma'aikata ne da doka ta kafa, shugaban jami'a ke shugabantarsa. A dokokin yawancin jami'o'in tarayya, mambobinsa su ne dukkan malamai na cikakken lokaci, da kowane ma'aikacin gudanarwa da ke da digiri na jami'a. Wato akanta a ofishin Ma'aji, jami'ar rajistiri irina, injiniya a sashen ayyuka, likita a asibitin jami'a, duk suna da ƙuri'a daidai da ta farfesa. Na sha tambayar matasan da aka ɗauka ofishinmu ko sun san haka, sai su ce, "Hajiya, ai mun ɗauka taron malamai ne."

Taron yana da ikon bayyana ra'ayinsa kan duk abin da ya shafi jin daɗi da ci gaban jami'a. Ba ya zartar da hukunci, gaskiya ne, shi ya sa wasu ke kiransa wurin huce haushi. Amma shi ne kaɗai zauren da ƙaramin ma'aikaci zai miƙe ya tambayi shugaban jami'a, ido da ido, ina aka kwana kan kuɗin gyaran hanyar kwatas, kuma a rubuta amsar. Sannan shi ke zaɓen mutum biyu zuwa Kansul, da wakilan malaman da ba farfesoshi ba zuwa Sanet, da mutum biyu cikin masu neman wanda zai zama sabon shugaban jami'a. Ranar zaɓe zaure kan cika maƙil. Ranar da babu zaɓe kuwa, sai a yi ta leƙen ƙofa ana jiran a cika adadin da doka ta ce sai da shi za a zauna. Shugaban da ba ya son tambayoyi ba abin da ya fi so kamar wannan: zai ce ya kira, ba ku zo ba.

Idan an daɗe ba a kira taron ba, duba ka'idar jami'arku kan sau nawa ya kamata a zauna a shekara da yadda mambobi za su nemi a kira, ku rubuta wa Magatakarda da sa hannun jama'a. Idan kuma kana son tsayawa takara, fara da ƙananan kwamitoci: na rabon gidaje, na asibiti, na makarantar 'ya'yan ma'aikata, na tsaro. Aiki ne mai gajiyarwa kuma ba wanda zai gode maka, amma a nan ake gane wanda ke zuwa taro da shirinsa. Ma'aikatan ofis su sani cewa idan suka raba ƙuri'unsu tsakanin 'yan takara biyar, kujerun biyu duka malamai za su kwashe, don su sukan shigo da matsaya guda.

Akwai giɓi a dokar, kuma ba zan ɓoye shi ba. Direba, masinja, mai gadi, mai shara, duk wanda ba shi da digiri, ba shi da kujera a ko ɗaya daga cikin zaurukan nan, alhali hukuncin Kansul ya fi cizonsa. Hanyarsa ita ce ƙungiya da kwamitin ƙananan ma'aikata. Wanda ya hau kujerar Kongirigeshan ya sani cewa har da su yake wakilta, ko da ba su zaɓe shi ba.

Ƙungiya

Akwai ASUU ta malamai, SSANU ta manyan ma'aikatan da ba sa koyarwa, NASU ta sauran ma'aikatan da ba sa koyarwa, da NAAT ta masanan fasahar ɗakunan gwaji. Ka shiga taka, ka riƙa zuwa taronta. Ba ƙaramin abu ƙungiya ta samar ba: asusun tallafin ilimi na 1993, wanda ya zama TETFund a 2011, daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992 ya fito, lokacin Attahiru Jega yana shugaban ƙungiyar, mutumin da daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010. Amma ka bambance abu biyu. Ƙungiya tana ciniki da matsin lamba, zaure yana yanke hukunci. Yajin aikin wata takwas na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da Abuja aka yi shi. Yadda za a kashe abin da ya iso jami'arku, wa zai tafi ƙaro karatu, wane gini za a fara, a kwamitocin cikin gida ake yanke shi. Yarjejeniyar 2009 ta tanadi kwamitin sa ido kan kasafin kuɗi a kowace jami'a, da wakilan ƙungiyoyi a ciki. Tambayi shugabannin ƙungiyarku wa ke wakiltarku a can, yaushe suka zauna na ƙarshe, ina rahoton. Tambaya ce da ba a cika yi ba, kuma takan sa a gyara zama.

Lokacin naɗa sabon shugaba

Wa'adin shugaban jami'a shekara biyar ne, sau ɗaya, kuma tun gyaran 2003 Kansul ce ke naɗawa, ta sanar da shugaban ƙasa a matsayinsa na mai ziyarar jami'a. Ana kafa tawagar nema mai mutum biyar: ɗan Kansul ɗaya a matsayin shugaba, biyu daga Sanet, biyu daga Kongirigeshan. Sai kwamitin tantancewa na haɗin gwiwa, shi ma mutum biyar: shugaban Kansul, 'yan Kansul biyu da ba 'yan Sanet ba, da farfesoshi biyu daga Sanet. Su ke miƙa sunaye uku, Kansul ta ɗauki ɗaya. Kowa yakan zuba ido ranar ganawa da 'yan takara. Ni shawarata ka zuba ido tun ranar da za a amince da tallar kujerar da za a buga a jarida. Sharaɗi guda a cikinta, kamar yawan shekarun da mutum ya yi yana farfesa, yana iya fitar da rabin masu nema kafin a buɗe ambulan ko ɗaya. Wakilanku a Kansul su ne za su iya tambayar daga ina sharaɗin ya fito, kuma su za ku tambaya.

Wanda ke shakkar ko zaurukan nan suna da haƙori ya tuna Jami'ar Legas a 2020. A watan Agusta Kansul ƙarƙashin Wale Babalakin ta zauna a Abuja ta sanar da tsige shugaban jami'ar, Oluwatoyin Ogundipe. Sanet da ƙungiyoyin ma'aikata suka ce ba a bi hanyar da doka ta shimfiɗa ba, wadda ta haɗa da kwamitin haɗin gwiwa na Kansul da Sanet da ba wanda ake zargi damar kare kansa. Gwamnati ta tura kwamitin ziyara na musamman don ya binciki lamarin, Sanet ta zaɓi Folasade Ogunsola ta riƙe kujerar, a watan Nuwamba aka mayar da Ogundipe. Sanin tsari ne ya yi aiki a nan. Amma kada in yi maka daɗin baki: a Yunin 2023 gwamnatin tarayya ta rushe dukkan Kansul na jami'o'inta a lokaci guda, duk da wa'adin shekara huɗu da doka ta ba su, aka yi kusan shekara babu su, abubuwan da ke buƙatar amincewarsu suka koma jiran ma'aikatar ilimi. ASUU ta yi ta cewa haramun ne, sai a tsakiyar 2024 aka rantsar da sababbi. 'Yancin yana nan a takarda, amma mai biyan albashi bai saki igiyar ba.

Akwai kuma ƙofar da kan buɗe jefi-jefi. Doka ta ce a tura kwamitin ziyara kowace jami'a aƙalla duk shekara biyar, ko da yake akan makara. Waɗanda aka tura a 2021 shekaru goma suka duba a haɗe. Idan suka zo suna karɓar takarda daga kowane ma'aikaci, ba sai ta bi ta hannun shugaban sashe ba. Wanda ya adana kwafin takardunsa masu hatimi, ranarsa ke nan.

Idan kai aka zaɓa

Takardun Kansul kan iso da kauri, wani lokaci kwana biyu kafin zama. Fara da rahoton kwamitin kuɗi da na naɗi da ƙarin girma, domin a can aka gama yawancin aikin, zauren amincewa kawai yake yi. Idan aka raba takarda mai nauyi a kan tebur ranar taro, kana da damar neman a jingine ta zuwa zama na gaba don a karanta. Za a harare ka. Nemi duk da haka.

Za a fara girmama ka, a ba ka alawus na zama, a sa ka a kwamitin da ke tafiye-tafiye. Ba haramun ba ne, amma na ga yadda yake sanyaya bakin mutanen da suka shigo da zafi. Maganinsa shi ne komawa wurin waɗanda suka aike ka kana ba su bayani. Ba za ka fallasa abin da ya shafi fayil ɗin wani ko wanda ya ce me a zaure ba, wannan amana ce. Amma hukuncin da aka yanke kan manufa, da matsayar da ka ɗauka, haƙƙinsu ne su ji. Idan batun ɗan'uwanka ko ɗalibinka ko kamfanin surukinka ya taso, faɗa da bakinka ka fita waje har a gama.

A shari'ar ladabtarwa kuwa ka tsaya kai da fata sai an bi mataki ɗaya bayan ɗaya, ko da kana ganin mutumin ya yi laifin: a rubuta masa tuhuma, a ba shi lokacin amsawa, a saurare shi. Malamai 49 da Jami'ar Ilorin ta kora a 2001, Kotun Ƙoli ta mayar da su a 2009 da umarnin a biya su albashinsu na duk shekarun. Gaggawar zama guda takan jawo wa jami'a bashin shekaru.

Sannan kada ka ɗauka an gama don an ce an amince. Hukunci ba ya motsi sai rajistiri ta cire shi daga minits ta rubuta wa ofishin da zai aiwatar. Bayan mako biyu ka leƙa wurin sakataren zauren ka tambaya ko wasiƙar ta fita, wa aka aika wa, ka karɓi lambarta. Idan ba ta fita ba, ko ta fita an zauna a kanta, jira zama na gaba, daidai gurbin abubuwan da suka taso daga minits, ka ɗaga hannu ka kira lambar sakin layin ka tambayi inda aka kwana. A wannan gurbin dole wani ya amsa, kuma amsarsa ma za mu rubuta ta.